Yadda Ake Fara Surfanin Hannu a Adar da Majiya

Surfani shi ne ƙawata tufa da allura da zare bayan an gama saƙa ta. Aikin tela haɗa ƙyalle da ƙyalle ne don a sami abin sawa. Mai surfani kuwa ado yake zubawa a kan ƙyallen, ya ƙara masa kyau da daraja, ya kuma ƙarfafa wuraren da suka fi saurin cinyewa, irin su wuyan riga da bakin aljihu. A kasuwannin Madawa da Buza da Keita, da zarar an ce "aikin hannu" kowa ya san abin da ake nufi, kuma kowa ya san kuɗinsa ba ɗaya ba ne da na "aikin keke". Rabin wannan aiki a fili yake, a kan huluna da kaftanai da manyan riguna ranar Juma'a da ranar idi. Sauran rabin yana cikin ɗakunan mata, a jikin rigar matashi da zanen gado da labule da ƙyallen rufe kwano.

A ƙasar Hausa, surfanin tufa ya daɗe a hannun maza, musamman malamai da almajiransu. Hannun da ya saba da alƙalami da zayyanar allo shi ne ya fi iya zana wa riga fasali. Malam ya zana da tawada, ya miƙa wa masu cikewa da zare, su zauna a zaure suna yi tsakanin karatun safe da na yamma. Bayan jihadin 1804 da kafuwar daular Sakkwato, babbar riga ta zama kyautar girmamawa da sarakuna ke yi wa hakimai da malamai da manyan baƙi, fasalinta kuma ya zama kusan iri ɗaya tun daga Sakkwato da Kano da Zazzau har Bida da Ilori. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851, ya ba da labarin yadda tufafin birnin ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Adar da Majiya ba su da nisa da Sakkwato, iyakar da ta raba su ma sai da Turawa suka zo aka shata ta, don haka rigar da dattijon Madawa ya gada wurin mahaifinsa ƴar'uwar wadda ke adakar dattijon Gwadabawa ce.

Kowane sashe na adon babbar riga da sunansa. A ƙirjin hagu, wajen babban aljihu, ake jera dogayen siffofi masu tsini da ake kira askake, kuma yawansu ne ke ba rigar suna: aska biyu, ko aska takwas. A ƙirjin dama da kuma baya akwai tambari, wato da'irar da layi ke nannaɗewa kewaye da ita. Akwai gidan biyar, akwai dagi, akwai linzami a bakin wuya. Zaren da aka yi amfani da shi a da iri uku ne. Na farko na auduga, wanda mata ke gurzawa su shiɓe su kaɗa da mazari, kuma kwarin Majiya ya san auduga sosai, har aka kafa masana'antar gurzar ta a Madawa. Na biyu tsamiya, silikin daji da wata tsutsa ke saƙa sheƙarta da shi a kan itacen tsamiya da wasu itatuwa. A dafa sheƙar cikin ruwan toka ta saki, a kaɗa ta, ta ba da zare mai launin ƙasa-ƙasa da ba ya saurin tsufa. Na uku alharini mai ja, wanda ayarin fatake ke ƙetaro hamada da shi.

Abubuwa biyu suka sauya wannan tsari a ƙarnin da ya wuce. Ɗaya keken surfani ne. Irin wanda teloli ke kira Cornely an ƙirƙiro shi a Faransa cikin shekarun 1860, kuma da ya yaɗu a Afirka ta Yamma sai wuyan rigar da hannu ke kwana da kwanaki a kansa ya koma aikin yini guda. Yanzu kuma ga na kwamfuta a Kano da Maraɗi da Yamai. Ɗayan abin kuma shigowar mata ce. Sun fara da hula da kayan ɗaki, daga baya a birnin Zariya suka kama har babbar riga, kuma a 1994 wasunsu suka haɗu a ƙungiyar da ake kira Queen Amina Embroiderers, wadda aikinta ya kai kasuwannin ƙetare. Saboda haka mai son farawa a yau, namiji ne ko mace, ba shi da wani shinge na al'ada a gabansa.

Abin da ya fi wuyar samu a wannan yanki shi ne lokaci, kuma lokacin kowa daban. Manomin tudu a Garhanga ko Tabotaki yana samun sarari bayan an kai gero rumbu. A fadamar Tarka kuwa rani lokacin albasa ne, mai lambu ba ya ganin hutu sai ya kwashe ya ɗure a buhu. Matan Keita an san su da aikin ƙarfi: su ne suka fi yawa cikin masu ɗaukar dutse da haƙa ramuka a aikin raya karkara da aka fara a 1984 da taimakon Italiya, sa'ad da mazan suka tafi cin rani. Har yau ɗiban ruwa da itace da daka ba su bar musu yini a sake ba. Alherin surfani shi ne ba ya neman yini. Rabin sa'a bayan azahar ta isa a yi layi biyu ko uku, a soke allura a gefe, a naɗe, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Kuma yawancin mutanen yankin ba daga farko za su faro ba. Matar da ke saƙa tabarmar kaba irin wadda Madawa ta yi suna da ita ta riga ta iya ƙirga gida-gida da jera launi. Mai ɗinkin faifai ta san ƙarfin jan da ya dace. Ɗan baduku a Tamaske ya san allura tun yana yaro.

Kayan farawa kaɗan ne, kuma duk ana samun su a teburin mai kayan koli ranar kasuwa: allura, zare, ƙyalle, ɗan ƙaramin almakashi ko reza, da abin zane. Allurar surfani kafarta ta fi ta ɗinkin yau da kullum tsawo, don zare mai kauri ya wuce ba tare da ya tsintsinke ba. Gara a sayi ƙunshi mai girma dabam-dabam, domin siririn ƙyalle ba ya son babbar allura, kuma ƙaramar allura na wahalar da mai zare mai kauri. Safi, ƴar hular ƙarfen nan da ake sa wa yatsa, ba dole ba ne a kan ƙyalle mai laushi, amma wanda zai shiga hula zai neme shi da kansa.

Ƙyallen koyo ya zama na auduga, fari ko mai haske, wanda ba ya santsi kuma ba ya miƙewa. Akoko da alawayyo sun wadatar, haka ma tsohon zanen gado da ya sha wanki. Shadda mai sheƙi a bar ta tukuna: tana da tauri, kuma duk ramin da allura ta huda a jikinta ba ya ɓacewa, ko an kwance ɗinkin tabon na nan. Sabon akoko kuwa a wanke shi a goge kafin a sa masa zare, saboda yana tsukewa a wankin farko, kuma in ya tsuke bayan an yi aikin, adon zai tattare ya yi ƙulu-ƙulu.

Zare shi ne wurin da ake yawan yin asara. Mafi sauƙin sarrafawa ga sabon hannu shi ne na auduga mai sili shida a murɗe, irin na DMC ko Anchor da makamantansu, wanda ake raba shi a ɗauki sili biyu ko uku gwargwadon kaurin da ake so. Zaren da ake kira siliki a kasuwa yana da ƙyalli, amma yana zamewa yana ƙullewa, kuma mafi yawansa a masana'anta aka haɗa shi, ba daga tsutsa ya fito ba. Wannan bambanci na da amfani ga mazan da ke kiyaye hukuncin addini kan sa alharini, kuma mai shakka sai ya tambayi malaminsa. Kowane irin zare aka saya, musamman ja da shuɗi da kore mai duhu, a gwada shi tukuna: a yanki guntu, a jiƙa, a murza a kan farin ƙyalle. In ya bar launi, to zai zuba a wanki ya ɓata aikin wata guda cikin minti biyar.

Akwai zoben katako mai ninki biyu da ake ɗaure ƙyalle a ciki don ya miƙe. Maɗinkan babbar riga na da ba su san shi ba, a gwiwa suke shimfiɗa aikin su danne da hannu. Ga mai koyo dai yana taimakawa ƙwarai wajen ɗinkin cikewa. In an tashi daga aiki a cire ƙyallen daga ciki, don kada ya bar shaida.

Kafin a taɓa ƙyalle a wanke hannu. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da ƙura ke tashi wata da watanni, ga gumi, ga man girki, ga ruwan goro. Da hunturu kuma fatar yatsu na faskarewa, zare ya riƙa maƙalewa a jikinta yana yin gashi. Maganin wannan shi ne a shafa man kaɗe ko basilin da dare, da safe a wanke da sabulu sannan a ɗauki aiki, domin maiƙo ma tabo ne.

Tsawon zaren da za a zura kada ya wuce kamu ɗaya, wato daga kan yatsa zuwa gwiwar hannu. Sabon hannu na son dogon zare don ya huta da zurawa, sai zaren ya yi ta harɗewa, ya kuma siraice tun bai kai rabi ba saboda yawan bin rami. Ƙulli a gindin zare ba laifi ba ne a ƙyallen gwaji, amma a aikin gaske gwanaye kan bar ɗan wutsiya a baya su danne shi da ɗinkin da ke biyowa, in sun ƙare kuma su cusa bakin zaren ƙarƙashin ɗinkin baya su yanke.

Ire-iren ɗinki suna da yawa, sunayensu ma kan bambanta daga gari zuwa gari, amma guda biyar ne ke ɗauke da kusan dukan aikin. Mafi sauƙi shi ne wanda allura ke nutsewa ta fito a jere, tazara daidai da tazara. Yana kama da wasan yara, amma a nan ido ke koyon awo, kuma wanda bai daidaita shi ba ba zai daidaita sauran ba. Sai na koma-baya, inda allura ke fitowa gaba ta dawo ta shiga ƙarshen ɗinkin da ya gabata, ya ba da layi marar yankewa, mai kyau ga rubuta suna da shata iyakar zane.

Na uku shi ne sarƙa, kuma ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ne ke zagaye da'ira da lanƙwasa cikin sauƙi, shi ne kuma keken Cornely ke kwaikwayo. Allura ta fito daga ƙasa. A kwantar da zaren gaba, a danne shi da babban yatsan ɗayan hannun ya yi ɗan zobe. A mai da kan allura cikin ramin da ta fito, ramin nan dai, ba kusa da shi ba. A fito da ita gaba kaɗan, tsawon ƙwayar shinkafa, ta biyo ta cikin zoben. Sannan a ja a hankali har zoben ya kwanta ya rungumi zaren. Haka za a yi ta yi, kowane zobe na fitowa daga cikin na bayansa. In an ja da ƙarfi, zoben ya rufe ya zama layi, ƙyallen ya tattare. In an yi sako-sako, zobban su tashi tsaye, farce ko ɗan kunne ya fizge su. Tsakanin waɗannan biyu ne gwaninta take, kuma ba a samun ta da bayani, sai hannu ya maimaita har ya daina tunani. Zoben ƙarshe a ɗaure shi da ɗan gajeren ɗinki a kansa, in ba haka ba jan zare ɗaya zai warware layin duka. Matan Bororo na wajen Abalak da wannan ɗinki suke cika gaban rigunan samarinsu, layi kusa da layi, launi bayan launi, kuma duk wanda ya sami ganin aikinsu kusa ya ga iyakar abin da sarƙa za ta iya.

Na huɗu ɗinkin cikewa ne, inda ake jera zare kusa da kusa har ƙyallen ya ɓace a ƙarƙashinsa, kamar a cikin ganye ko aska. Sirrinsa a baki yake: a fara shata siffar da koma-baya, sannan a riƙa tsallaka layin, bakin zai fito a miƙe. Kada zaren ya yi tsawo da yawa, in siffar na da faɗi a raba ta kashi-kashi. Na biyar shi ne huji, ƙananan idanun nan da ke cika hula da ƙirjin babbar riga. Ba yanka ƙyallen ake yi ba. Da tsinke ko kan basilla ake buɗa zarurrukansa su ba da rami, sannan a zagaye ramin, kowane ɗinki ya shiga ta tsakiya ya fito a gefe, ana ɗan ja don idon ya zauna a buɗe. Guda ɗaya ba wuya. Wuyar ita ce a yi ɗari su fito girma ɗaya.

Duk wannan a yi shi a ƙyallen gwaji guda, layi-layi, kuma kada a jefar da ƙyallen. Bayan wata biyu, in aka gwada layin farko da na ƙarshe, shi zai nuna ko hannu ya faɗa.

Sai zane. Ana iya zanawa da fensir marar kauri ko allin tela kai tsaye a kan ƙyalle. Biro kuwa a guje shi, tawadarsa na nashewa kuma ba ta fita. Wanda bai amince da hannunsa ba ya zana a takarda, ya ɗora ƙyallen a kai, ya ɗaga su wajen haske ya bi layin, ko ya sa takardar kabon a tsakani. Murfin kwalba da bakin kofin shayi da tsabar kuɗi sun isa fitar da da'ira. Ninke takarda gida biyu ko huɗu a yanka kuwa na ba da siffar da ɓangarorinta suka yi daidai.

Wayar hannu ta cika da furannin ƙasashen da ba a taɓa ganin irinsu a Adar ba, kuma ba laifi ba ne a ɗinka su. Sai dai abin takaici ne a ce rigar matashin garin Karofan da ta kowace ƙasa ba su da bambanci, alhali zane na kewaye da mutum. Yana jikin tabarma da faifai, yana bayan ƙwarya, yana jikin jakar fatar Buzaye da sirdin raƙumi, yana cikin ƙunshin amarya da zayyanar allon saukar karatu. Abin wuyan azurfar nan da aka fi sani da kuros ɗin Agadas, cikin ire-irensa 21 da ake lissafawa akwai mai sunan Tawa, akwai kuma mai sunan Madawa, kuma kowannensu na zama daram a kusurwar hankici. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shafe shekarun 1970 yana bin maɗinkan Hausa yana tattara zane-zanensu, saboda ya ga darajar abin da masu shi ke ɗauka ba komai ba. Wajen launi kuma, mai farawa ya tsaya a biyu ko uku. Manyan rigunan da suka fi kwarjini sau da yawa launi ɗaya ne a kansu, farin zare ko tsamiya a kan saƙi.

Aikin farko ya zama wanda za a gama cikin mako: hankici, ƙyallen rufe tire, ko sunan jariri a gefen zanen goyo. Daga nan rigar matashi, sai wuyan rigar yaro, sai zanen gado. Da yawa daga waɗanda suka bar surfani ba don ya gagare su ba ne, babban aiki suka ɗauko tun ranar farko, ya kwana a ƙasan akwati rabi da rabi har sha'awar ta mutu.

Hula ce burin mafi yawan masu koyo, kuma ta cancanci a jira ta. Ƙyalle biyu ne: dogon da ke kewaye kai, da zagayayyen da ke sama. Ana ninka su don su yi kauri, mai zane ya zana, mai ɗinki ya cike kowanne dabam, sannan a haɗa. A nan ake gane amfanin safi, kuma a nan ake gane cewa cikakken ɗinki na cin ƙyalle, don haka ana ƙara ɗan sarari a kan awon kai tun wajen yanka. Bayan haɗi sai mai wankin hula ya karɓa, ya wanke, ya sa sitaci, ya kifa ta a kan gungumen katako ta bushe da siffarta. Kyakkyawar hula na cin makonni, wata har fiye da wata guda. Fitattun ire-irenta daga Barno suka fito, kamar Zanna Bukar, mai ɗauke da sunan Zanna Bukar Dipcharima, minista a jamhuriyar farko ta Najeriya, da kuma aikin Bama. Lokacin da rikicin Boko Haram ya kori mutanen Bama zuwa Maiduguri a 2014, ɗinkin hula na cikin abin da matansu suka riƙe kansu da shi a sansanonin gudun hijira, domin kayan aikin duka ba su wuce a ƙulle a bakin zane ba. Mai koyo ya fara da hular yaro mai sauƙin zane, ya kuma kai ƙyallen wurin mai zane in akwai shi a gari. Babbar riga kuwa aikin shekaru ne, kuma ko a da ba mutum ɗaya ke yin ta ba: da mai zane, da masu cikewa, da tela, da ƴan bugu.

Wurin wa za a koya? Bidiyon YouTube da TikTok da waɗanda ake turawa ta WhatsApp suna nuna hanyar allura sarai, ana kuma iya tsayar da su a maimaita. Cibiyoyin koyon sana'a na garuruwa da gidajen horar da mata su ma suna koyar da ɗinki. Amma abu ɗaya ne sai mutum a kusa: wanda zai karɓi ƙyallen, ya shafa da yatsa, ya juya bayansa. Gwani bayan aiki yake fara dubawa, domin a can ƙulle-ƙulle da tsallake-tsallake ke ɓuya. Yarinya ta kai wa tsohuwa aikinta tana murna, tsohuwa ta juya ta ce, "Ɗiyata, gaban ya yi, bayan ne da saura. Kwance ki sake." Ita kuma ta ce, "To, Inna," ta sa kan allura ta ɗaga ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Wannan kwancewa rabin karatun ce. Kusan kowace unguwa na da irin wannan tsohuwa, ko wani dattijo da ya yi ɗinkin hula a zamanin almajirancinsa a Sakkwato ko Kano ko Zariya. Yawancinsu ido ya raunana, hannu kuwa bai manta ba. Ana zuwa musu da gaisuwa da ɗan goro, a zauna a riƙa zura musu zare a allura, karatu ya biyo baya.

Jiki ma na da hakkinsa. Hasken hantsi da na la'asar a inuwa ya fi kowane, kuma ya fito ta gefen hannun da ba ya riƙe da allura, don kada inuwar hannu ta rufe aikin. Ɗinki da tocilan waya cikin dare na gajiyar da ido ya jawo ciwon kai, launuka ma ba sa fitowa daidai. Lokaci-lokaci a ɗaga kai a dubi nesa, a miƙe a motsa wuya da kafaɗa. Wanda ya haura shekara 40 ya ga kafar allura ta fara ɓace masa, wannan abu ne da ke zuwa da shekaru, tabarau na karatu ke gyara shi, kuma ya fi kyau a auna ido a asibiti kafin a saya. Allura kuwa ba a ajiye ta a kan tabarma ko a riƙe ta a baki, balle a gidan da ke da mai rarrafe. A soke ta a wani tsumma na musamman, a ƙirga kafin aiki da bayansa. Da damina kada a bar ta cikin ƙyallen kwana da kwanaki, tsatsa na kama ta ta bar jan tabo.

In aiki ya kammala, a wanke shi da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ba cuɗa ba murɗa, kuma jabel kada ta kusance shi. A shanya a inuwa, domin ranar Adar na cin launi. Guga ta baya ake yi, a kife adon a kan tawul ko bargo don kada ya lotse, mai dutsen gawayi kuma ya shimfiɗa wani ƙyalle a tsakani saboda toka da tartsatsi.

Ba a daɗewa da fara surfani sai maganar kuɗi ta taso, domin maƙwabta na gani za su ce a yi musu. Hanyar na nan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka samo asali a jihar Maraɗi a 1991, sun saba da haɗa kuɗi, kuma sayen zare a dunƙule daga Ƙonni ko Maraɗi ya fi sayen ɗai-ɗai araha. A Yamai akwai bajekolin SAFEM na sana'o'in hannun mata, inda kowace jiha ke kai abin da ta iya. Sai dai gaggawar karɓar aikin mutane na ɓata hannu. Wanda ya ɗauki hular wani saura mako biyu salla zai yi sauri, sauri kuma ke kawo dogon ɗinki da sakakken huji, daga nan sunansa ya tafi a haka. Hannu ba zai taɓa yin tsere da keke wajen sauri ko araha ba. Abin da ke sa a biya shi ninkin kuɗin keke shi ne tsabtar aiki gaba da baya, da zanen da ba a samu a shago ba. Don haka shekarar farko ta zama ta kai da ta ƴan gida, ta kyautar suna da ta biki. In ma an fara sayarwa, a lissafa kwanakin da aikin ya ci, ba kuɗin zare kaɗai ba. Wanda kuma ya zaɓi ya yi ta yi don jin daɗinsa kawai, bai yi asarar komai ba.

Akwai roƙo ga magidanta a Madawa da Buza da Keita da ƙauyukansu. Gidaje da yawa na da tsohuwar aska takwas ko tsohuwar hula a ƙasan adaka, wadda ba mai sawa, kuma mai zanenta ya daɗe da rasuwa. A fito da ita a kakkaɓe, a shanya a inuwa, a bar masu koyo su duba gaba da baya, su kwafi zanen a takarda ko su ɗauke shi a waya, tun gara da asu ba su riga su ba.